Biyan kuɗi a rubuta maka CV: yaushe yake da amfani ga mai neman aiki a Kwatano da Sèmè-Kpodji?

CV takarda ce mai shafi ɗaya ko biyu wadda mai neman aiki ke bayyana karatunsa, ayyukan da ya taɓa yi da abin da ya iya. Sunan ya samo asali ne daga kalmomin Latin, curriculum vitae, wato tafiyar rayuwa. A unguwar Zongo ta Kwatano da garuruwan Sèmè-Kpodji irin su Ekpè da Agblangandan, rubuta wannan takarda ya zama sana'a. Akwai shagunan buga takardu da na intanet, akwai matasan da ke tallata aikin a WhatsApp da Facebook a biya su ta MoMo, akwai kuma ofisoshin da ke cewa su masana harkar ɗaukar ma'aikata ne. Sana'ar ta gaji ta marubuta wasiƙa da a da suke zama a bakin gidan waya suna rubuta wa mutane koke da saƙo.

Amsar tambayar a taƙaice ita ce: abin da mutum ke saya harshe ne da tsari. Wanda matsalarsa ita ce Faransanci ko yadda zai jera bayanansa, kuɗinsa na iya biyan buƙata. Wanda matsalarsa rashin takardar shaida ce ko rashin ƙwarewa, babu marubucin da zai cike masa wannan giɓi.

Abin da ake sayarwa

Aikin ya kasu kashi huɗu, kuma yana da kyau mutum ya san wanne yake biya. Na farko shi ne bugawa kawai: ka kawo abin da ka rubuta da hannu, a shigar da shi kwamfuta a fitar maka. Na biyu shi ne rubutawa daga tushe, inda marubucin zai zauna da kai ya yi maka tambayoyi sannan ya tsara takardar, galibi tare da wasiƙar da ake kira lettre de motivation. Na uku shi ne dubawa da gyara, wato ka kawo naka CV a gyara kurakurai a ba ka shawara. Na huɗu shi ne wanda ake haɗawa da alkawarin samo maka aiki. Ukun farko sana'a ce ta halal. Na huɗun ne ake yawan damfarar mutane da shi.

Inda CV ke da tasiri

Sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Jamhuriyar Benin suna cin abinci ne a sana'o'in da ba na ofis ba. A kasuwar Dantokpa, a wuraren sayar da motocin gwanjo na Ekpè da Sèkandji, a harkar canjin kuɗi da dakon kaya zuwa iyakar Sèmè-Kraké, ba a tambayar kowa CV. Abin da ake tambaya shi ne: yaron wane ne, kuma wa ya tsaya masa? Mai neman shiga irin waɗannan harkoki, ziyarar ubangida ta fi masa takarda amfani.

Haka ma aikin gwamnati. Ana shiga ne ta jarrabawar gasa, concours, kuma abin da ake dubawa a matakin farko shi ne cikar takardu: takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar casier judiciaire da ba ta wuce wata 3 ba, da kwafin takardar kammala karatu. Kyawun CV ba ya rufe rashin ko ɗaya daga cikinsu.

Inda CV ke da nauyi shi ne kamfanoni masu rajista da ƙungiyoyi: kamfanonin da ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, bankuna, kamfanonin sadarwa, makarantu masu zaman kansu, ƙungiyoyin agaji, masana'antun yankin GDIZ na Glo-Djigbé da ke sarrafa auduga da yazawa, da kuma kamfanonin da ke hidima ga tashar bututun mai na Sèmè-Kpodji, wanda ya taso daga Agadem a Nijar, tafiyar kusan kilomita 2,000. A irin waɗannan wurare takardu ne ke fara isa gaban mai ɗaukar aiki kafin mutum, kuma idan sun yi yawa, kuskure a layin farko ya isa a ajiye takarda gefe.

Matsalar da ta shafi Hausawan yankin

Hausawan Kwatano da Sèmè-Kpodji ba hanya ɗaya suka bi wajen karatu ba. Wani ya yi makarantar Faransanci ya sami BEPC, BAC da Licence. Wani an kai shi Legas, Kano ko Sakkwato ya dawo da WAEC, ND ko HND. Wani makarantar Larabci da Faransanci ya yi, ko ya yi karatu a Masar ko Saudiyya. Wani kuma shekara goma ya yi a hannun ubangida yana gyaran mota ko fitar da kaya daga tasha, ba shi da takarda ko ɗaya. Mai ɗaukar aiki a Kwatano ya san tsarin farko sarai, sauran ukun kuwa sai an yi masa bayani.

A nan ne marubucin kirki ke da amfani. Zai rubuta sunan takardar shaidar kamar yadda take, ya ƙara shekarun karatun da wurin da aka yi, ba tare da ya laƙaba mata sunan wata takardar Faransanci da hannunsa ba, domin tantance daidaiton takardun waje aikin hukuma ne a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi mai zurfi. Zai mayar da "na yi aiki a shagon kawuna" zuwa bayanin da ake iya aunawa: riƙe littafin shige da fice, karɓar kaya, hulɗa da abokan ciniki daga Najeriya da Nijar, tsawon shekara kaza. Zai kuma sa harsuna a wuri mai kyau. Mutumin da ke jin Hausa, Faransanci, Turanci, Yarabanci ko Fon yana da jarin da kamfanin da ke ciniki da Najeriya ke nema, amma da yawa ba sa rubutawa saboda suna ganin ba karatu ba ne. Ga wanda ya koyi sana'ar hannu, marubucin da ya san aikinsa zai tuna masa cewa Benin na da jarrabawar CQM da CQP, waɗanda ke ba ɗan koyo takardar shaida ta hukuma.

Akwai kuma bambancin al'ada tsakanin ɓangarorin iyaka biyu. A tsarin Faransanci an saba da CV mai shafi ɗaya, sau da yawa da hoto, tare da wasiƙa, wani lokaci ma a nemi takardar neman aiki da aka rubuta da hannu. A Najeriya an saba da shafi biyu ko fiye, da sunayen mutanen da za su shaidi mai nema, da bayanin hidimar ƙasa ta NYSC. Fassara ɗaya zuwa ɗaya kalma da kalma ba ta wadatarwa. Mai neman aiki a Kwatano da Legas a lokaci guda yana buƙatar takarda biyu daban.

Lissafin kuɗi

Babu tsayayyen farashi a wannan sana'a, ciniki ake yi. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne mafi ƙarancin albashi. Tun watan Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi a Benin sefa 52,000 ne a wata, daga 40,000 da yake a baya. Idan aka nemi jaka 5 a hannunka, kusan kashi ɗaya cikin goma ke nan na albashin wata, wato ladan aikin kwana uku. Wanda ke neman aikin da albashinsa ya ninka wannan sau da yawa, kuma takardar za ta yi masa amfani a wurare da dama, bai yi asara ba. Wanda ke neman aikin gadi ko dako, bugawa mai tsabta ta ishe shi.

Hanyoyin kyauta

Kafin a biya, akwai ƙofofin da ba a karɓar ko sisi. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ANPE, tana yi wa masu neman aiki rajista, kuma jami'anta na ba da shawara kan CV da shirin ganawa da mai ɗaukar aiki. Shirin PSIE da gwamnatin Patrice Talon ta ƙaddamar a 2020, da burin sanya matasa 2,000 masu takardun shaida a kamfanoni duk shekara, ta intanet ake yi masa rajista, sai dai an tsara shi ne don 'yan ƙasar Benin. Shafin Europass na Tarayyar Turai yana ba da tsarin CV kyauta cikin Faransanci da Turanci. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma suna gyara nahawu, amma suna iya ƙara abin da mutum bai faɗa ba, don haka sai an karanta layi bayan layi. Sannan akwai tsohuwar hanya: malami ko ɗan uwa da ke aiki a fannin da kake nema ya duba maka.

Wasu marubuta kan tsoratar da mutane da cewa na'ura ce ke tace takardu, kuma su kaɗai suka san sirrinta. Gaskiya ne manyan kamfanoni da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa na amfani da manhajar tace takardu da ake kira ATS. Abin da take buƙata ba sirri ba ne: rubutu bayyananne ba tare da ado da zane-zane ba, kanun sassa da aka saba da su, da kalmomin da ke cikin sanarwar aikin idan har sun dace da mai nema.

Hatsarori uku

Na farko ƙarya. Marubucin da ya ce zai ƙara maka shekarun aiki ko takardar da ba ka da ita, rami yake haƙa maka. A ƙarshen Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken ɗan jarida Umar Audu, wanda ya sami takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6. A ranar 2 ga Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo. Tun daga lokacin, duk wanda ya rubuta digirin Kwatano a CV ɗinsa ya san za a iya bin diddiginsa, kuma masu takardun gaskiya ma abin ya shafe su.

Na biyu bayanan sirri. CV na ɗauke da suna, lambar waya, hoto da adireshi, kuma sau da yawa yakan kwana a kwamfutar shago. Babu dalilin sa lambar NPI ko lambar fasfo a cikinsa. Benin na da dokar harkokin intanet ta 2018 da hukumar kare bayanan mutane, APDP, amma rigakafi ya fi magani: a sa mai shago ya goge takardar bayan ya tura maka.

Na uku damfara. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanin samar da ma'aikata ba ya karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki. Duk wanda ya haɗa kuɗin CV da "kuɗin buɗe fayil" na wani aiki a tasha, a GDIZ ko a ƙasashen Larabawa, ya kamata a bincika shi sosai kafin a tura masa ko dala.

Yadda ake gane mai aikin kirki

Marubucin da ya san aikinsa yana yin tambaya kafin ya taɓa kwamfuta, yana neman ganin sanarwar aikin da kake nema, kuma ba ya yi maka alkawarin za a ɗauke ka. Yana faɗin farashi tun farko, ya yarda da gyara aƙalla sau ɗaya, ya ba ka takardar a tsarin Word da PDF domin ka iya sauya ta da kanka gobe. Wanda ya riƙe ta Word don ka riƙa dawowa kana biya, ba mai taimakonka ba ne.

Gwaji na ƙarshe yana hannun mai takardar. Ya karanta ta da babbar murya, ya tabbata zai iya bayyana kowane layi da bakinsa, cikin harshen da aka rubuta shi. Idan CV ya ce yana jin Faransanci sosai, da Faransanci za a yi masa tambayar farko a ranar ganawa, kuma marubucin ba zai shiga ɗakin tare da shi ba.