2.4 Tarihin Shingen Suna a Harshen PHP

A ƙasar Haɗejiya, idan aka ce “Galadima” kowa ya san wanda ake nufi. Amma da zarar an haɗu da mutanen Kano, tilas a ce Galadiman Haɗejiya ko Galadiman Kano. Haka kuma sai an ce Buhari Sarkin Haɗejiya, wanda ya rasu a 1863, kafin a bambanta shi da Buhari tsohon shugaban ƙasa. Wato sunan wuri shi ne shingen da ke hana sunaye cuɗanya. Wannan sashe zai duba yadda harshen PHP ya yi fama da irin wannan matsala.

Rasmus Lerdorf ne ya fitar da PHP a 1995 domin gina shafukan intanet. A wancan lokaci duk sunan da marubuci ya raɗa wa wani yanki na umarninsa, a fili ɗaya yake zama da na kowa. Idan biyu suka zo ɗaya, aikin gaba ɗaya sai ya tsaya. Dabarar da aka fara yi ita ce tsawaita suna, kamar Zend_Db_Table_Row, abin da ke gajiyar da mai rubutu da mai karatu.

Matsalar ta fito fili a watan Nuwamba na 2005. PHP 5.1.0 ya zo da wani aji mai suna Date, alhali rumbun PEAR na da nasa mai wannan suna tun tuni. Cikin kwana huɗu aka fitar da 5.1.1 aka janye sabon ajin.

Sai a watan Yuni na 2009, da fitowar PHP 5.3, aka sami magani. Marubuci zai buɗe fayil da kalmar namespace, ya bi ta da sunan shingensa, kafin kowane umarni na aiki. Sa'an nan alamar \ ta raba shinge da suna, misali Hadejia\Galadima da Kano\Galadima. Kalmar use kuwa ita ke shigo da suna daga wani shinge. A 2013 ƙa'idar PSR-4 ta daidaita shingaye da jerin ma'ajin fayiloli, yadda Composer zai nemo kowane aji da kansa.

Bisa wannan, ana iya cewa PHP ya shekara 14 kafin ya cim ma tsarin da sarautun Hausa suka daɗe a kansa. Sashe na gaba zai duba sunayen da Hausa za ta ba waɗannan kalmomi.