Ɓeran Masar: Daga Duwatsun Andis Zuwa Gaɓar Mayo Gwoi

Ƙaramar dabbar nan marar wutsiya da Hausawa suke kira ɓeran Masar, wadda akan gani jefi-jefi a akurki a gidajen Arewa, ba ta da asali da ƙasar Masar, kamar yadda masara ma ba can ta fito ba. Dukansu biyu daga nahiyar Amurka suka zo. Mazauna duwatsun Andis, inda ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado suke a yau, su ne suka mayar da ɓeran Masar dabbar gida dubban shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, kuma al'ummar Moce, waɗanda suka yi zamani a gaɓar tekun arewacin Peru daga wajen shekara ta 100 zuwa ta 700 miladiyya, sun bar siffarsa a jikin tukwanensu. A madafi mutanen Andis suke kiwonsa, yana yawo a ƙasa kusa da murhu saboda sanyin tsauni, yana cin ɗanyar ciyawa da ɓawon kayan miya, ana yanka shi ranar biki ko don karrama baƙo.

Bayan da Sifaniyawa suka ci daular Inka, yaƙin da Faransisko Fizaro ya soma a 1532, fatake suka kai dabbar Turai, inda ta zama abin sha'awa a gidajen masu hali, har masanin dabbobi Konrad Gesna na ƙasar Suwizalan ya bayyana kamanninta a rubuce a 1554. Daga baya likitoci suka shigar da ita ɗakin gwaji. Robat Kok ya yi amfani da ita wajen tabbatar da ƙwayar cutar tarin fuka a 1882, sannan a 1907 wasu likitocin Norwe biyu, Holst da Frolik, suka lura cewa idan aka tsare ta a kan hatsi zalla takan kamu da cutar nan mai sa dasashi zubar jini da ciwon gaɓoɓi, wadda ta daɗe tana hallaka matuƙan jirgin ruwa. Dalilin shi ne jikin ɓeran Masar, kamar na ɗan Adam, ba ya iya haɗa sinadarin bitamin C da kansa, sai dai ya samu daga abinci. Wannan binciken kuwa ya shafi kowane mai kiwo kai tsaye.

A Afirka kiwon ya fi kafuwa a wurare masu tudu da sanyi, irin su tsaunukan yammacin Kamaru, da yankin Kibu a gabashin Kwango, da kudancin Tanzaniya, kuma masu bincike sukan danganta yaɗuwarsa da 'yan mishan da ma'aikatan gona na zamanin mulkin mallaka. A waɗannan wurare mata da yara ne suka fi riƙe shi, a madafi kamar yadda ake yi a Andis, domin ba ya bukatar makiyaya ko jari mai yawa. A Najeriya, Jihar Taraba, wadda aka ƙirƙira a 1991, tana iyaka da Kamaru, kuma tsaunin Mambila da ke kudancinta yana da irin sanyin da dabbar ta saba da shi. Jalingo kuwa, babban birnin jihar, wadda ta zama mazaunin sarkin Muri tun 1893, tana cikin kwarin Binuwai ne, inda zafin Maris da Afrilu yakan kusanci digiri 40. Saboda haka wanda yake kiwo a unguwar Mayo Gwoi ta Jalingo yana riƙe da dabbar tsauni a ƙasar zafi, kuma a lokacin haihuwa ne wannan saɓani ya fi yin ɓarna.

Macen ɓeran Masar tana ɗaukar ciki na kwana 59 zuwa 72, wato ninki biyu na cikin zomo, kuma takan haifi 'ya'ya biyu zuwa huɗu. Amfanin wannan dogon ciki shi ne 'ya'yan suna fitowa a shirye: da gashi a jiki, ido buɗe, haƙora sun tsiro, nauyin kowanne ya kusanci giram 100, kuma cikin 'yan sa'o'i suna tafiya, kafin kwana biyu ko uku sun soma tsinkar ganye. Uwar ba ta yin sheƙa, ba ta kuma tuge gashinta ta shimfiɗa kamar yadda zomanya take yi, don haka wanda ya saba da kiwon zomo, inda ake haihuwar 'ya'ya tsirara ido rufe, yakan ɗauka uwar ta yi watsi da su, ya shiga ɗura musu madara, abin da kan sa su shaƙe. Kan nono biyu kawai take da shi, amma 'ya'yan suna sha bi da bi, kuma abin da ake bukata daga mai kiwo shi ne ya lura da ƙaramin cikinsu kada manyan su danne shi. Manoman Peru sun warware wannan da wani ɗan shinge mai ƙananan ƙofofi da suke sakawa a tsakiyar akurki, wanda 'ya'ya kaɗai ke iya shiga su ci abincinsu.

Babban kuskuren da ake yi, wanda kuma ya fi kowanne tsada, shi ne barin namiji tare da mace a lokacin haihuwa, domin tana iya sake ɗaukar ciki cikin sa'o'i kaɗan bayan ta sauka, sai ta haɗa shayarwa da sabon ciki har ƙarfinta ya ƙare. Ana yaye 'ya'yan a mako na uku, a kuma ware maza daga mata nan take, saboda suna balaga da wuri ƙwarai. Akwai kuma iyaka ta ɗaya ɓangaren: macen da ba ta yi haihuwar fari ba har ta wuce wata shida zuwa takwas, ƙashin ƙugunta yakan ƙi buɗewa yadda ya kamata, naƙuda ta yi mata tsanani.

Game da abinci, damina ba ta da wahala a Jalingo, tunda ana samun ciyawa da ganyen dankali da na wake a lambunan bakin kogi. Rani ne abin tsoro, domin harawa da dusa, waɗanda suke riƙe tumaki da awaki har faɗuwar ruwa, ba su da bitamin C da zai wadatar da mai ciki ko mai shayarwa, sai an haɗa da ɗanyen ganye kullum, kamar kabeji ko zogale, tare da ruwan sha mai tsabta a mazubi marar zurfi da jariri ba zai faɗa ba. Zafin da ya haura digiri 30 yana iya kashe mai tsohon ciki a yini guda, saboda haka akurkin da aka rufa da kwano aka ajiye a tsakar gida bai dace ba a bazara. Inuwar bishiya ko ɗaki mai iska ya fi, a kuma toshe ƙofofin da kyanwa da gafiya da maciji za su bi. Haka nan bai kamata a ba ɓeran Masar maganin da aka saya don kaji ko awaki ba tare da shawarar likitan dabbobi ba, musamman fenisilin da danginsa, waɗanda suke kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa, su jawo gudawar da kan hallaka uwa ta bar 'ya'ya kafin yaye.