Abin da Ke Raba Masoya a Finafinan Beljiyam

Mu da muka taso a gaban finafinan Indiya, daga bisani kuma na Kano, mun san masu raba masoya tun kafin su bayyana: uba mai taurin kai, attajiri mai neman auren dole, ko kishiya mai makirci. Shi ya sa da muka waiwayi tarihin fim a Beljiyam, ƙaramar ƙasar nan da ke maƙwabtaka da Faransa da Jamus da Holan, abin da ya fara jan hankalinmu shi ne ƙarancin mugu a labaran soyayyarsu. Ana rabuwa, ana kuka, ana mutuwa, amma sau da yawa babu wanda za a nuna da yatsa. Ƙasar ce da kanta take shiga tsakani.

Abin ya samo asali tun zamanin fim marar sauti. A 1913 wani Bafaranshe mai suna Alfred Machin, wanda ke aiki a ɗakin shirya fim na Karreveld a gefen birnin Brussels, ya ɗauki fim ɗin Maudite soit la guerre, wato tsinanne ne yaƙi. Wani saurayi ne ya zo daga maƙwabciyar ƙasa koyon tuƙin jirgin sama, ya sauka a wani gida, ya ƙulla abota da ɗan gidan, 'yar gidan kuma ta shiga ransa. Sai yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu. Abokan nan suka haɗu a sararin sama, kowa a ƙarƙashin tutarsa, ɗan gidan ya rasa ransa, shi ma baƙon aka kashe shi a gindin wani injin niƙa mai aiki da iska. Bayan an kwana biyu wani hafsan soja ya nemi auren yarinyar. A jikinsa ta ga abin wuyan da ta bai wa masoyinta, wanda aka ciro daga gawarsa. Nan ta yafe aure, ta shiga gidan mata masu zaman ibada na cocin Katolika.

An fito da fim ɗin a 1914. 'Yan watanni bayan haka, ranar 4 ga Agusta, sojojin Jamus suka tsallako iyakar Beljiyam, abin da aka kalla a majigi ya sauko ƙofar gida.

Da sauti ya shigo fim, sai wata iyakar ta bayyana, wannan karon a cikin gida. Arewacin ƙasar, wato Flanders, Holanci suke yi. Kudanci kuwa Faransanci. Tun daga De Witte na 1934, Jan Vanderheyden da Edith Kiel suka yi shekaru suna yi wa mutanen arewa finafinan barkwanci da soyayya masu sauƙi, waɗanda ba su cika tsallakawa kudu ba. A farkon shekarun 1960 aka shata iyakar harshe a doka.

A ganinmu babu wanda ya kama ciwon nan kamar André Delvaux a fim ɗinsa Un soir, un train na 1968. Yves Montand ya fito a matsayin Mathias, malamin jami'a ɗan Flanders, masanin kimiyyar harshe, Anouk Aimée kuma Anne, masoyiyarsa mai magana da Faransanci. A wannan shekarar ce rikicin harshe a jami'ar Leuven ya kai ga faɗuwar gwamnati, har daga baya aka raba jami'ar gida biyu. Mathias ba azzalumi ba ne. Yana dai jin nauyin fitowa da Anne a gaban mutanensa, ita kuwa ta gaji da zama baƙuwa a rayuwarsa. Suka shiga jirgin ƙasa ba su gama shiryawa ba. Barci ya ɗauke shi, ya farka babu ita, jirgi ya tsaya a dokar daji. Ya taka har wani ƙauye inda, duk da iliminsa na harsuna, ya kasa gane ko kalma guda. Can sai ya farfaɗo: ashe jirgin hatsari ya yi, Anne kuma tana cikin gawarwakin da aka jera. Maganar da ya yi ta jinkirtawa ba ta da sauran mai ji.

A Mira na 1971, wanda Hugo Claus ya tsara daga littafin Stijn Streuvels, gada ce ta raba gari: yarinyar ta auri injiniyan da ya zo gina gada a kan kogin Scheldt, alhali mutanen ƙauyenta suna yaƙar aikin.

Fim ɗin da ya fi kusa da irin hawayen da muka saba shi ne The Broken Circle Breakdown na Felix van Groeningen, 2012, wanda ya kai ga takarar Oscar a 2014. Didier makaɗi ne da bai yarda da Allah ba. Elise matarsa ce, tana waƙa a ƙungiyarsu. Ciwon daji ya ɗauke ƙaramar 'yarsu. Uwar tana neman abin da za ta jingina da shi, ko tsuntsu ne, ko tauraro. Uban ya ƙi bar mata ko wannan, yana ganin yaudarar kai ce. Mun so a ce ya yi shiru sau ɗaya. Daga ƙarshe Elise tana kwance a asibiti, likitoci sun yanke ƙauna, aka kashe na'urorin da ke riƙe da numfashinta, Didier da abokan kiɗansa suka kewaye gadon da kayan kiɗansu, suka fara kaɗawa.