Daga tsutsar ƙasa zuwa jinin masu sikila: tarihin microRNA

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa mai sikila asibitin Malam Aminu Kano, nan Gyadi-Gyadi, ya san wannan tambayar: yara biyu, dukansu SS, amma ɗaya kullum sai an ƙara masa jini, ɗayan kuwa yana ta harkokinsa. Me ya bambanta su? Dalilan suna da yawa, kuma ɗaya daga ciki sai an bi ta kan wata tsutsa kafin a gane shi.

A shekarar 1993, Victor Ambros tare da Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum suna nazarin tsutsar C. elegans, wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Sai suka tarar ƙwayar gadon lin-4 ba ta samar da furotin ko kaɗan. Ɗan guntun RNA kawai take fitarwa, mai haruffa kusan 22. A daidai lokacin Gary Ruvkun ya nuna cewa guntun yana manne wa saƙon wata ƙwayar gado, lin-14, ya hana a sarrafa shi zuwa furotin. Masana da yawa suka ɗauka abin tsutsa ne kawai. Sai a 2000 Ruvkun ya gano na biyu, let-7, aka kuma same shi har a jikin ɗan Adam. Lambar Nobel ba ta zo musu ba sai 2024.

To ina ruwan mai sikila? Jajayen ƙwayoyin jininsa suna cikin matsi kullum, domin wasu sinadaran iskar oksijin masu illa suna cin su kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Garkuwarsu wani furotin ne, NRF2, mai kunna ƙwayoyin gadon da ke kashe wannan dafi. A 2010 Carolyn Sangokoya, Marilyn Telen da Jen-Tsan Chi na Jami'ar Duke a Amurka suka lura cewa masu SS da miR-144 ya yi yawa a jininsu sun fi fama da ƙarancin jini. Shi miR-144 danne NRF2 yake yi, garkuwar ta yi rauni, ƙwayoyin su riƙa fashewa da wuri. Kar a ɗauka magani ne fa aka samo. Haske ne kan yadda abin ke faruwa.

Binciken da ya fi burge ni shi ne na 2012, daga ɗakin gwajin Chi. Ashe miR-451 da let-7i, waɗanda suka fi yawa a jinin masu AS da SS, suna kutsawa cikin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, su liƙe wa saƙonninta, su rage mata girma.