Ɗan Kallo Mai Hannu a Wasa: Abin da ke Tara Jama'a a Filin Ƙwallon Toranke

A ƙasar Gaya da Ajingi wuri biyu ake kallon ƙwallon ƙafa. Na farko gidan kallo ne: rumfar kwano, bencina, janareta, da talabijin mai kawo gasar Firimiyar Ingila da ta Zakarun Turai ta tauraron ɗan'adam. Na biyu filin makaranta ne ko wani fili a bayan gari, mai rairayi da tudu da kwari, inda sau da yawa turaku biyu da sanda a sama su ne raga. Da gwanintar 'yan wasa kaɗai ke jawo mai kallo, da tuni na farko ya binne na biyu, domin wanda ya ga Arsenal ko Real Madrid da daddare ba wata sabuwar fasaha zai gani ba a ƙafar samarin da wasunsu ko takalmin ƙwallo ba su da shi. Amma a gari irin Toranke, ranar da aka ce za a buga wasan ƙarshe na kofi da maƙwabta, taron da ke kewaye fili babu gidan kallon da zai iya ɗaukarsa, kuma a cikinsa har da dattawan da ba su taɓa biyan ko sisi don ganin Chelsea ba.

Hujjar da nake son kafawa ita ce, daɗin ƙwallon ƙauye ga mai kallo yana fitowa ne daga matsayin da take ba shi. A gidan kallo mutum mai saye ne, ya biya, ya zauna, an nuna masa. A bakin fili kuwa yana da hannu a wasan tun kafin a hura usur, kuma wasan yana bin sa har gida bayan an tashi. Wanda ya ɗauki ƙwallon ƙauye a matsayin ƙaramar Firimiya da talaka ke haƙuri da ita don bai samu babbar ba, ya auna ta da mudun da ba nata ba.

Toranke ɗaya ce daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Ajingi, a gabashin jihar Kano kan iyaka da Jigawa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 170,000, kuma ita da Gaya da Albasu su ne ƙasar masarautar Gaya bisa tsarin dokar 2024. Ƙasar noma ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake, kuma gona ce ke yanka wa ƙwallo lokaci. Da damina samari suna bakin noma, ƙwallo sai ta ɗan motsa jini. Idan kaka ta yi, amfani ya shigo gida, kuɗi ya ɗan zauna a aljihu, sai gasa ta tashi. Daga nan 'yan cirani su nufi Kano da Abuja da Legas, ƙungiyoyi su rame, sai kuma dawowarsu lokacin Sallah ta sake cika fili. A cikin yini ma iyakar a bayyane take: daga bayan la'asar zuwa gab da magariba. Babu fitila, saboda haka alƙalin wasa yana duban rana kamar yadda yake duban agogo.

Wannan lokaci ba ƙwallo ce ta ƙirƙire shi ba, gadonsa ta yi. Kaka ita ce lokacin kokawa da dambe da langa a ƙasar Hausa, kuma tsarin kallonsu ya daɗe da zama a jinin mutane: gari ya gayyaci gari, jama'a su yi da'ira, makaɗi ya zuga, gwani ya yi kirari, wanda ya yi kaye ko kisa a yi masa kari. Ɗan Anace da ya yi wa Shago waƙa ya san cewa ɗan dambe ba shi kaɗai yake shiga fage ba, da sunan mutanensa yake shiga. Dambe a yau ya fi ƙarfi a birane, a gidajen da ake yankar tikiti, an kasa 'yan wasa zuwa Kudu da Arewa da Guramada. Gurbin da ya bari a ƙauye ƙwallo ce ta cike mafi yawansa. Ta makaranta ta shigo. Birnin Kano ya daɗe da ita, har a 1953 ya ci kofin da daga baya aka sa wa suna kofin Chalenji, Raccah Rovers kuma ta ci gasar ƙasa a 1978. Amma a ganina abin da ya fi shigar da ita ƙauyuka shi ne shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, domin kusan kowace sabuwar makaranta da filinta ta zo, da malamin da ya san dokokin wasa. Ƙwallo ta iske masu kallo da aka riga aka hore, ta ba su sabon abin kallo a tsohon dandali.

Babban jarin wannan kallo shi ne sanayya. Mai tsaye a bakin igiya ya san golan nan, ya san ubansa, ya san gonarsu, wataƙila ma shi ya koya masa ɗinki ko gyaran babur. Idan ɗan gaba ya yanke mai tsaron baya har ya zauna a ƙasa, ihun da ake yi ba na fasahar yankan kaɗai ba ne. An san wanda aka yanka, an san cika bakin da ya yi a majalisa daren jiya, an kuma san cewa gobe a teburin mai shayi zai sha tsiya. Kowace taɓa ƙwallo tana ɗauke da labarin da ya girme ta. Haka ma tsakanin garuruwa: akwai auratayya, akwai cin kasuwar juna, akwai tsohuwar gasa ta wane gari ya fi wane, akwai wasan tsokana da aka gada daga kakanni. Minti casa'in ɗin nan wata dama ce ta fito da duk wannan a fili ba tare da ya zama gaba ba. Clifford Geertz, a nazarinsa na 1972 kan faɗan zakaru a tsibirin Bali, ya nuna cewa jama'ar da ke kewaye da fagen kansu suke kallo, da matsayinsu da dangantakarsu, zakarun hanya ce kawai. Ban ga bayanin da ya fi wannan dacewa da filin Toranke ba.

A nan ne bambancin gidan kallo yake fitowa sosai. Saurayin da ke goyon bayan Manchester United a Ajingi yana cikin irin al'ummar da Benedict Anderson ya yi bayaninta a 1983, wadda mutum ke jin yana cikinta alhali bai taɓa ganin mafi yawan 'yan cikinta ba. Ba na raina wannan soyayya, gaskiya ce, tana sa mutum farin ciki da baƙin ciki na ainihi. Sai dai hanya ɗaya take bi. Komai ihun da ya yi, talabijin ba ta jin sa, kuma da zai mutu a daren, ba abin da zai ragu a Old Trafford. A filin gari kuwa rashin mutum guda ana lura da shi, a tambaya ko lafiya.

Kuma muryarsa tana aiki. Tsakanin mai kallo da ɗan wasa igiya ce kawai, wani lokaci ma layin toka. “Bayanka!” “Ba shi!” “Buga mana!” duk suna shiga kunnen ɗan wasa, kuma sau da yawa yana bi, musamman idan muryar ta yayansa ce ko ta kawunsa. Koci ɗaya ne a suna, amma masu ba da umarni sun cika gefen fili. Idan aka ci, yara su ɓarke cikin fili da ƙura, masu babura su danna ham, wani ya liƙa wa wanda ya ci kuɗi a goshi kamar yadda ake yi wa ɗan kokawa. Kafin ranar ma hannun mai kallo ya riga ya shiga: da karo-karo ake sayen ƙwallo da jesi, da shi ake ɗaukar motar da za ta kai 'yan wasa wani gari, da shi ake sallamar alƙali a sayi ruwan leda. Mai rake da mai gyaɗa da mai awara su ma ranar kasuwarsu ce. Mutumin da ya ba da naira ɗari biyu aka sayi ƙwallon da ake bugawa yana da haƙƙin da mai tikiti ba shi da shi.

Ba ƙasar Hausa kaɗai ke da wannan ba. A Ostireliya akwai wata ƙwallo tasu ta daban, mai 'yan wasa 18 a kowane ɓangare, da aka rubuta dokokinta a Melbourne a 1859. Manyan ƙungiyoyinta na unguwanni ne tun asali, irin su Collingwood da Carlton da Fitzroy, kowace da filinta a tsakiyar mutanenta. Da kuɗin talabijin ya shigo, sai South Melbourne ta koma Sydney a 1982, gasar ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1990, aka haɗe Fitzroy da ƙungiyar Brisbane a 1996, aka kwashe wasanni daga filayen unguwa zuwa manyan filaye ƙalilan. Duk da haka ƙananan gasannin unguwa da na karkara ba su rasa masu kallo ba. A can, idan aka tafi hutu, mutane kan shiga cikin fili su tsaya kusa da 'yan wasa su ji abin da koci ke faɗa, yara su yi ta buga tasu ƙwallon, a karkara kuma a jera motoci a kewayen fili ana danna ham idan an ci. Waɗannan mutane suna da kuɗin tikiti da talabijin a ɗaki, saboda haka ba za a ce rashi ne ya kai su ba. Kusanci suke nema, irin wanda babbar gasa ta sayar.

Dole in faɗi abin da ke kan wannan hujja, domin kusancin da ke kawo daɗi shi ne ke kawo fitina. Inda kowa ke da hannu a wasa, kowa na jin yana da hannu a hukunci. Fenariti guda a minti na ƙarshe kan iya sa a tashi baram-baram, alƙali ya sha da ƙyar, baƙi su bar gari ana jifan motarsu. Ko a babbar gasa abin haka yake. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 ta kuma ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta yi kimanin shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba a doke ta a gida a gasar ba, kuma kowa ya san ƙarfin taron “Sai Masu Gida” a filin Sani Abacha yana cikin dalilai. Amma a 2022 an cire mata maki saboda tarzomar 'yan kallo, a kakar kuma ta faɗa rukuni na biyu. Akwai kuma abin da ya fi damuna: jama'ar garin da nake ta ambato rabi ce. Mata a bakin filin ƙauye yawanci 'yan talla ne, ba masu kallo ba, kuma duk wanda zai kira wannan taro madubin al'umma sai ya tuna da wanda babu a cikinsa. Ga kuma 'yan siyasa da kan sa kofi idan zaɓe ya ƙarato, a liƙa hotonsu a jesi, bayan zaɓe a neme su a rasa.

Maganin da aka fi saurin kawowa shi ne katanga da ƙofa da tikiti, wato a nisanta mai kallo. Ina ganin wannan zai kashe abin da ake son gyarawa. Maganin da ya fi dacewa yana cikin sanayyar kanta. Saurayin da zai ɗaga hannu ga alƙali yakan sauke shi idan ya ga dagaci ko liman ko ƙanin mahaifinsa zaune a benci a gefen fili. Idan aka haɗa da alƙali daga garin da ba ya cikin wasan, aka kai wasan ƙarshe filin da ba na kowa ba, aka kuma yi yarjejeniya tun farko cewa garin da magoya bayansa suka ta da rikici ya fita daga gasar baɗi, an rage mafi yawan fitinar ba tare da an kori kowa daga bakin igiya ba.

Masu tsara harkar wasanni kuwa, idan sun tuna da ƙwallon ƙauye, a matsayin wurin tsintar gwanaye suke tunawa da ita: wa zai kai gasar Ramat da ake yi wa matasa a Kano don tunawa da Janar Murtala, wa zai kai Pillars, wa zai zama Rabi'u Ali ko Ahmed Musa na gobe. Buri ne mai kyau, amma ƙalilan ne za su kai can, alhali ɗaruruwan da ke tsaye a gefe suna cin amfanin wasan a yau. Idan aka auna da su, abin da ya fi gaggawa shi ne filin kansa. Gari yana faɗaɗa, ƙasa tana tsada, filin da ba shi da takarda kuma shi ne farkon wanda ake yankawa fuloti ko a dasa masa sababbin azuzuwa a tsakiya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a ƙasar da ba ta birni ba. Da wannan iko majalisar Ajingi za ta iya auna fili guda a Toranke da kowace mazaɓa, ta kafa masa duwatsun iyaka, ta rubuta shi da sunan jama'ar gari, da sa hannun dagaci da shugabannin ƙungiyoyin matasa a matsayin shaidu.