Kare Jijiyar Sayatik a Tiyatar Sauya Gaɓar Ƙugu: Nazari kan Majinyatan Yankin Funtua da Malumfashi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar abin da likitocin ƙashi suka wallafa game da raunin jijiya a tiyatar sauya gaɓar ƙugu, ta auna shi da yanayin da manoman kudancin Katsina ke isa asibiti. Hujjarta ita ce, a wannan yanki, babban haɗarin yana cikin ƙoƙarin mayar wa ƙafar da ta daɗe da gajarcewa tsawonta a zama ɗaya.

Gabatarwa

Tun da John Charnley ya daidaita wannan tiyata a Wrightington ta Ingila a 1962, raunin jijiya bai daina bin ta ba. Schmalzried da abokan aikinsa sun duba tiyata 3,126 a 1991, suka samu rauni a kashi 1.7 cikin ɗari. Adadin ya kai 3.2 a tiyatar da aka maimaita, da 5.2 ga waɗanda ƙugunsu bai zauna daidai ba tun haihuwa. Jijiyar sayatik, wadda ke fitowa daga ƙasan gadon baya ta ratsa ɗuwawu ta gangara bayan cinya, ita ta fi shan wahala, musamman reshenta da ke ɗaga tafin ƙafa. Wannan reshe a ɗaure yake a wuri biyu, a ƙugu da gefen gwiwa, don haka ba ya jure ja.

Akwai matsalar harshe a nan. Bahaushe da "jijiya" yake kiran hanyar jini da agara da abin da ke kai saƙon motsi. Idan likita ya ce "jijiya na iya taɓuwa", majinyaci sai ya ɗauka zubar jini ake nufi. Gara a ce masa, "Malam, ƙafar na iya saki, silifas ya riƙa zame maka kana tafiya."

Yadda majinyatan yankin ke zuwa

Ana tura masu buƙatar wannan aiki daga manyan asibitocin Funtua da Malumfashi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Iri biyu suka fi jan hankali. Akwai matasa masu sikila waɗanda kan ƙashin cinyarsu ya mutu saboda toshewar jini. Sai manomin da ya faɗo daga babur ko amalanke, wuyan ƙashin cinya ya karye, aka kai shi wurin maɗori. Karaya a wannan wuri ba kasafai take haɗewa da ɗori ba, domin tana cikin gaɓa, jini kuma ba ya isarta sosai. Sai a jira a cire masara, a sayar da auduga, a tara kuɗin aiki. Kafin nan ƙashi ya hau sama, nama ya ƙanƙance, jijiya ma ta saba da gajeren zango.

Edwards da abokan aikinsa sun nuna a 1987 cewa waɗanda reshen ɗaga ƙafa ya samu rauni an ƙara wa ƙafarsu tsawon santimita 2.7 a matsakaici, waɗanda dukan jijiyar ta taɓu kuwa 4.4. Ba iyaka ba ce da za a rantse a kanta, amma ta isa gargaɗi. A ganin marubucin, ƙafar da ta rage santimita ɗaya ko biyu, baduku ya ƙara wa takalmi dunduniya, ta fi ƙafar da ta yi daidai amma take jan ƙasa a kunyar gona.

Matakan kariya

Kafin aiki, a auna ƙafafu biyu da tef da hoton ƙashi, a sa majinyaci ya ɗaga babban yatsa yana ture hannun likita, a rubuta ƙarfinsa. A tambaye shi ko ya taɓa shan allura a ɗuwawu ƙafar ta sage, domin jijiyar da ta taɓa rauni ba ta ɗaukar na biyu.

A ɗakin tiyata, in ta baya aka shiga, a lanƙwasa gwiwa a miƙe ƙugu, jijiya ta samu sassauci. Ƙarfen buɗe nama ya jingina da ƙashi, kada ya hau nama. Wajen sa kusoshin kwarmin gaɓa kuma, a bi rabon Wasielewski na 1990, wanda ya nuna sashen sama ta baya ya fi aminci. In ta gefe aka shiga, bisa hanyar Hardinge, kada tsagar ta wuce santimita 5 sama da ƙololon ƙashin cinya, don akwai wata jijiyar a can mai riƙe ƙugu yayin tafiya.

Bayan aiki, da zarar allurar kashe zafi da aka yi masa a gadon baya ta sake shi, a ce ya motsa yatsu. In sun ƙi, a sassauta bandeji, a lanƙwasa gwiwa, a nemi jinin da ya taru yana danne jijiya, domin kwashe shi da wuri na iya ceto ƙafar. Binciken Asibitin Mayo na Amurka na 2005, kan tiyata 27,004, ya nuna ƙasa da rabin waɗanda jijiyarsu ta mutu gaba ɗaya ne suka warke sarai. Shi ya sa takardar sallamar mai komawa Bakori ko Ƙafur ya kamata ta ɗauki ƙarfin yatsansa na ranar fita, yadda jami'in lafiyar da zai cire masa zare zai samu abin kwatantawa.