Daga Zugazugi Zuwa Tukunyar Gas: Tarihin Sarrafa Iska a Ƙasar Zamfara

Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran ƙasar Zamfara, har da na Bunguɗu da Gusau da Tsafe, sun san cewa wuta ba ta ci sai da iska, kuma gwargwadon iskar da aka ba ta, gwargwadon zafinta. Da zugazugi na fatar akuya mazugi yake hura gawayi har ƙarfe ya yi jajawur, sa'an nan maƙeri ya ɗora shi bisa uwar maƙera ya fitar da fartanya ko gatari. Abin da ya ɓuya musu shi ne, iskar nan gauraye take. Kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin, wato iskar da ke ciyar da wuta da numfashi; kashi 78 naitirojin ne, saura kuwa galibi argon.

A Turai aka fara rarrabe su. Joseph Priestley na Ingila ya ware oksijin a 1774, amma samunta da yawa bai yiwu ba sai da Bajamushe Carl von Linde ya ƙera injin da ke sanyaya iska har ta zama ruwa, a 1895. Da yake oksijin tana tafasa a digiri 183 ƙasa da sifiri, naitirojin kuma a 196, sai ya zamana ana iya tace kowace daban, a ɗura ta cikin tukunyar ƙarfe. A 1892 kuma Thomas Willson ya gano hanyar yin kabaid mai araha a Amurka, wato dutsen nan da ke fitar da iskar asitilin in an zuba masa ruwa. A farkon ƙarni na 20 injiniyoyin Faransa suka haɗa asitilin da oksijin, suka sami harshen wuta mai zafin da ya haura digiri 3,000, wanda ke yanka ƙarfe ya kuma liƙe shi. Asalin waldar gas ke nan.

Jirgin ƙasa, wanda ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, shi ya buɗe wa wannan yanki ƙofar kayan Turai. Ƙarfen waje da tarkacen injuna suka wadata, dafa tama ya mutu, maƙera suka koma sarrafa tsohon ƙarfe. Da motocin ɗaukar auduga da gyaɗa suka yawaita, sai masu walda suka kafa rumfuna a bakin hanyar Gusau zuwa Sakkwato, wadda ta bi ta Bunguɗu. A 1959 aka kafa kamfanin Industrial Gases a Ikko don tace iska a cikin gida. Sai dai a lura da abin da ya sauya: mazugi a zaune yake samun iskarsa kyauta, mai walda kuwa sai ya saya, daga wuri mai nisa.

Har ila yau, manomin Bunguɗu yana cin moriyar wannan ilmi ko da bai taɓa ganin tukunyar gas ba. Takin yuriya da yake zuba wa masara daga naitirojin na sararin sama ake yin sa, bisa hanyar da Fritz Haber ya gano a 1909, Carl Bosch ya mai da ita masana'anta a 1913. Ruwan naitirojin kuma da shi ake adana irin bijimai don yi wa shanu barbara ta allura, aikin da aka san cibiyar binciken dabbobi ta Shika da shi.

Darajar kowace iska tana ga tsabtarta. Masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta suna neman wadda tsabtarta ta kai kashi 99.999 cikin ɗari ko fiye, domin ɗigon datti kan lalata aikin baki ɗaya. Oksijin ta asibiti ita ma tana da ƙa'idar tacewa da wankin tukunya wadda ba a bi wa ta walda. Tukwanen biyu sun yi kama, amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Haka kabaid da wasu ke nuna mangwaro da ayaba da shi: yana ɗauke da gurɓin arsenik mai guba, shi ya sa hukumar NAFDAC ta hana.

Inda abin ya fi tsanani shi ne gadon asibiti. Yaron da ciwon huhu ya sarƙe wa numfashi, ko jaririn da aka haifa bakwaini, ba ya iya jiran mota ta kawo tukunya daga wani gari. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da tsarin wadata asibitoci da oksijin, annobar korona ta 2020 kuma ta nuna yawan aikin da ya rage. Akwai ƙananan injuna da ke tace oksijin nan take a asibiti, amma suna bukatar lantarki tsayayye da ƙwararrun masu gyara. Wannan nauyi yana wuyan ma'aikatan da ke tsara kasafi, da ɗaliban da za su koyi sarrafa injunan, domin ƙasar da maƙeranta suka iya samar wa wutarsu iska ta cancanci ta samar wa majinyatanta.